KUNNEN ƊAN KASUWA: Yadda Ake Sanin Abin Da Jama'a Ke Faɗi Game Da Haja A Dandalin Sada Zumunta Ba Tare Da Biyan Kuɗi Ba

Gabatarwa

Tun zamanin kakanninmu an san cewa jarin ɗan kasuwa iri biyu ne. Akwai wanda ake ƙirgawa, watau kuɗi da kaya, akwai kuma wanda ba ya shiga aljihu, watau sunan mutum a bakin jama'a. Idan jari na farko ya karye, mai kyakkyawan suna yakan sami wanda zai ba shi kaya bashi har ya sake miƙewa. Idan kuwa na biyu ne ya karye, ko da shago cike yake maƙil, sai ƙura ta rufe kayan.

A da, maganar haja a rumfunan kasuwa take yawo, da tashar mota, da majalisar ƙofar gida, dillali ko yaron shago ya kawo wa maigida labari. A yau rabin wannan magana ta koma cikin wayar hannu, a Facebook da WhatsApp da TikTok da Instagram da YouTube da kuma X, wanda aka sani da sunan Twitter kafin shekarar 2023. Matar da ta sayi atamfa a Kantin Kwari a Kano, ta kai ta Fatakwal, ta wanke ta ga ta zuba, tana iya ɗaukar hoto ta watsa da hantsi, kafin la'asar ɗaruruwan mutane sun gani, alhali mai shagon bai san wainar da ake toyawa ba.

Manyan kamfanoni suna biyan kuɗi masu yawa ga masu yi musu wannan sauraro. Amma tela, da mai gidan burodi, da mai sayar da turaren wuta, da mai makarantar kuɗi, da ƙungiyar gama kai ta manoma, duk suna iya yin nasu da kayan aiki na kyauta. Wannan darasi zai bayyana waɗannan kayan aiki, da inda ƙarfinsu ya tsaya, da kuma abin da ya kamata a yi da abin da aka ji. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Abin Da Ake Nema A Ji

Mai sauraro abu huɗu yake nema. Na farko yabo, domin ya san abin da zai riƙe. Na biyu ƙorafi, domin ya gyara tun ɓarakar ba ta yi girma ba. Na uku tambaya, domin mai tambayar farashi mai saye ne da ya tsaya a bakin ƙofa, idan ba a amsa masa ba sai ya wuce shago na gaba. Na huɗu, wanda ya fi haɗari, shi ne jita-jita da masu yin sojan gona da sunan wani.

Ga misalin yadda jita-jita ke tsallaka teku. A watan Afrilu na 2023 hukumomin lafiya a Taiwan da Maleshiya suka ba da sanarwar samun wani sinadari mai cutarwa a cikin wani nau'in taliyar Indomie da aka yi a Indonesiya. Cikin 'yan kwanaki maganar ta cika wayoyin mutanen Nijeriya, iyaye suka shiga fargaba, duk da cewa taliyar da ake ci a nan a masana'antun cikin gida ake yin ta. Sai da hukumar NAFDAC ta ɗebi samfuri ta gwada, sa'an nan a watan Yuni na shekarar ta bayyana cewa ba a sami sinadarin a taliyar da ake yi a ƙasar nan ba. Idan haka ta faru ga babban kamfani mai ma'aikatan watsa labarai, to ƙaramin ɗan kasuwa ya fi kowa bukatar ya ji magana da wuri.

Mataki Na Farko: Jera Kalmomi

Kafin ka taɓa waya, ɗauki takarda da alƙalami. Na'ura ba ta san ka ba, abin da ka rubuta mata kaɗai take nema. Saboda haka sai ka jera sunan shagonka ko kamfaninka, da sunan kowace haja, da laƙabin da mutane suka sa maka, da sunan unguwa ko layin da kake.

A nan akwai wata matsala da ta shafi masu amfani da harshen Hausa musamman. Mutane da yawa ba sa rubuta haruffa masu lanƙwasa a waya. Idan sunan hajarka yana ɗauke da kalmar ƙamshi, wani zai rubuta kamshi, wani qamshi, wani kuma k'amshi. Kalmar alheri wani zai mai da ita alkhairi ko alkairi. Wani ya haɗa kalmomi biyu, wani ya raba su. Tilas ne ka rubuta kowane salo a jerinka, domin wanda ya nemi salo ɗaya kaɗai zai yi zaton ba a maganarsa, alhali kuwa ana yi. Ka kuma ƙara da kalmomin da kan biyo bayan ƙorafi, kamar jabu, damfara, tsada, lalatacce, da takwarorinsu na Turanci da Turancin buroka, tun da masu sayenka ba Hausawa ne kaɗai ba.

Mataki Na Biyu: Kayan Aiki Na Kyauta

1. Google Alerts. Kamfanin Google ya fito da wannan hidima a 2003. Za ka shiga google.com/alerts, ka rubuta sunan da kake so a sa wa ido, ka ba da adireshinka na imel. Duk lokacin da Google ya ci karo da sunan a jarida ko wani shafi na intanet, sai ya aiko maka da saƙo. Kana iya zaɓar a riƙa aiko maka nan take, ko sau ɗaya a rana, ko sau ɗaya a mako. Ka sa sunan a tsakanin alamun zance biyu domin a nemo shi a haɗe yadda yake, ka kuma zaɓi a kawo maka dukan sakamako. Ka lura cewa ƙarfinsa yana wajen jaridu da shafuka ne. Yawancin abin da ake rubutawa a cikin Facebook da Instagram yakan wuce shi.

2. Binciken Google da hannu. Idan ka rubuta site:facebook.com sa'an nan ka bi shi da sunanka cikin alamun zance, Google zai taƙaita nemansa ga shafukan Facebook da ke buɗe ga kowa. Haka kuma za ka iya yi da tiktok.com ko instagram.com. Akwai wurin da za ka umarce shi ya nuna na mako guda ko wata guda da ya wuce kaɗai.

3. Meta Business Suite. Kamfanin Meta shi ne mai Facebook da Instagram da WhatsApp. Wannan manhaja tasa, wadda aka fara a 2020, tana tara maka saƙonni da martanin mutane na shafinka na Facebook da na Instagram a akwati guda, tana sanar da kai idan an ambaci shafinka, tana kuma nuna yawan mutanen da abin da ka sa ya kai gare su, da garuruwan da mabiyanka suka fi yawa. Sharaɗi shi ne ka buɗe shafin kasuwanci dabam da shafinka na kanka.

4. Akwatin nema na cikin kowane dandali. Wannan shi ne mafi sauƙi, kuma shi aka fi mantawa da shi. A Facebook ka rubuta sunan, ka zaɓi a nuna rubuce-rubuce na baya-bayan nan. A TikTok da YouTube ka nemi sunan, ka buɗe bidiyon, ka karanta abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashinsa, domin sau da yawa a can ainihin maganar take. A X ana iya haɗa salon rubutu daban-daban da kalmar OR a tsakaninsu, a kuma rubuta since: tare da kwanan wata domin a ga abin da aka faɗa daga wannan rana zuwa yau.

5. Google Business Profile. Duk mai shago, ko otel, ko asibiti, ko gareji, yana iya sa wurinsa a taswirar Google kyauta. Mutane suna ba da maki daga tauraro 1 zuwa 5, su rubuta ra'ayinsu. Baƙon da ya sauka a Abuja ko Legas yana neman masauki ko gidan abinci, waɗannan taurari yake fara dubawa. Wanda ya yi rajistar wurinsa ana sanar da shi idan an rubuta sabon ra'ayi, yana kuma da ikon amsawa.

6. Google Trends. An buɗe shi a 2006. Yana nuna yadda neman wata kalma ke hawa da sauka, a ma'aunin 0 zuwa 100, kuma yana rarraba Nijeriya jiha-jiha. Ana iya gwada kalmomi da dama a lokaci guda. Lambobin nan ba adadin mutane ba ne. 100 na nufin lokacin da neman ya kai ƙololuwarsa. Ƙaramin shago ba zai ga sunansa a ciki ba saboda masu nemansa ba su kai yawan da ake aunawa ba, amma zai iya ganin watan da aka fi neman shadda ko takin zamani, da jihar da aka fi nema.

7. Neman hoto da hoto. Da Google Lens ko TinEye za ka iya sa hoton hajarka ko tambarinka, a nuna maka wasu wuraren da hoton ya bayyana. Da wannan ake gano masu satar hoton ɗinkin wani su sa a shafinsu.

8. Meta Ad Library. Wannan rumbu ne da ke buɗe ga kowa, inda ake ganin tallace-tallacen kuɗi da ke gudana a Facebook da Instagram. Ka nemi sunanka a ciki. Idan ka ga talla da sunanka wadda ba kai ka biya ba, to wani yana cin kasuwa da rigarka.

Inda Kunnen Na'ura Ba Ya Kaiwa

Wajibi ne mai karatu ya san iyakar waɗannan kaya, don kada ya saki baki ya yi barci.

Iyaka ta farko ita ce WhatsApp. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya daga wayar mai aikawa zuwa ta mai karɓa, ba wata na'urar sauraro da ke karanta su. A ƙasarmu kuwa nan ne jita-jita ta fi gudu, musamman ta saƙon murya. Maganin wannan shi ne mutane: amintattun masu sayenka, da dillalanka, da 'yan'uwa, waɗanda za ka roƙa su turo maka duk abin da suka gani da sunanka. Duk wanda ya ce zai sayar maka da manhajar leƙen WhatsApp ɗin wasu, ka guje shi, domin ko dai ɗan damfara ne ko kuma zai jefa ka cikin laifi.

Ta biyu ita ce magana da baki. Wanda ya ambaci hajarka a cikin bidiyo bai rubuta sunanta ba, da wuya akwatin nema ya kawo maka shi.

Ta uku ita ce fahimtar harshe. Akwai manhajojin da ke rarraba magana su ce wannan yabo ne, wancan suka ne. Waɗannan ba su ƙware da gatse da habaici irin namu ba. Wanda ya rubuta cewa lalle wannan tela ya iya cika alkawari, sallar bana ma a tsohuwar riga ya yi ta, na'ura tana iya lissafa shi cikin masu yabo. Sai ɗan adam ya karanta da idonsa.

Ta huɗu ita ce kyauta ba ta da tabbas. Kamfanin Hootsuite ya daina ba da tsarinsa na kyauta a 2023. A wannan shekarar kuma TweetDeck, wanda mutane da yawa suka dogara da shi, ya koma na masu biyan kuɗi. A watan Agusta na 2024 Meta ya rufe CrowdTangle, wanda 'yan jarida da masu bincike ke bin diddigin labarai da shi. Ranar 4 ga Oktoba 2021 kuwa Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na wajen sa'a shida. Darasin da ke cikin wannan shi ne kada ka rataya kasuwarka a ƙusa guda, ka kuma ajiye bayananka a inda kai ke da iko da su.

Mataki Na Uku: Littafin Sauraro

Abin da ke mai da jin magana ya zama ilimi shi ne rubutawa. Ka sami littafi na musamman, ka ja layi ka raba kowane shafi gida shida: kwanan wata, dandalin da aka yi maganar, abin da aka ce a taƙaice, irinta, matakin da ka ɗauka, da ranar da aka warware. Ka ware minti 15 kowace safiya domin duba saƙonni da martani, da kuma sa'a guda a mako domin bin jerin kalmominka ɗaya bayan ɗaya. Idan ba ka iya karatun boko sosai ba, ka ɗora wa ɗanka ko yaronka mai amana, amma ya riƙa karanta maka abin da ya rubuta.

A ƙarshen wata sai ka ƙirga. Mu ɗauka an ambace ka sau 40, a ciki 12 ƙorafi ne, kuma 9 daga cikin 12 ɗin a kan jinkirin kai kaya suke. Littafin ya riga ya gaya maka cewa hajarka lafiya lau take, gyaran yana wajen direba ko ɗan aike. Wanda ba ya rubutawa zai tuna da zagi guda da ya fi ƙona masa rai, ya manta da tara ɗin da ke nuna masa ainihin ciwon.

Kada kuma yawan mabiya ya ruɗe ka. Mutum 50 masu tambayar farashi sun fi 5,000 masu danna alamar so su wuce.

Mataki Na Huɗu: Yadda Ake Amsawa

Mai yabo a gode masa. Mai tambaya a amsa masa a ranar. Mai ƙorafi na gaskiya a ba shi haƙuri a bainar jama'a, a taƙaice, sa'an nan a nemi ya tuntuɓe ka a keɓe domin a sauya masa kaya ko a mayar masa da kuɗinsa. Ka tuna cewa masu kallo sun fi mai ƙorafin yawa, kuma halinka suke aunawa. Magana zarar bunu ce. Abin da ka rubuta cikin fushi ko ka goge shi, wani ya riga ya ɗauki hotonsa.

Idan ƙarya aka yi wa hajarka, ka fito da hujja sau ɗaya: lambar rajistar NAFDAC idan abinci ne ko magani ko man shafawa, ko rasiɗi, ko hoton ainihin kayan. Kada ka biye wa mai neman faɗa.

Haka kuma a yi hattara da gaggawar kai mai ƙorafi wurin 'yan sanda. A watan Satumba na 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa ta ji zaƙi ya yi yawa a wani tumatirin gwangwani. Kamfanin ya kai ƙara, aka kama ta, maganar ta kai kotu. Hukunci na kotu ne, amma abin da kowa ya gani shi ne cewa zancen da zai iya mutuwa cikin kwana biyu ya zama labarin jaridun gida da na waje, har wasu suka yi ta kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin. Dokar kare masu sayen kaya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin kai kukansa, kuma ɗan kasuwa mai hangen nesa yana ɗaukar ƙorafi a matsayin shawara da aka ba shi kyauta.

Masu Sojan Gona

Idan ka gano shafin bogi da sunanka yana karɓar kuɗin mutane, ka bi wannan tsari. Ka ɗauki hoton shafin, da adireshinsa, da lambar asusun bankin da yake bayarwa. Ka duba sashen da Facebook ke nuna ranar da aka buɗe shafi da sunayen da ya taɓa sauyawa, domin hujja ce. Ka kai rahoto ga dandalin ta maɓallin da aka tanada, ka sanar da masu sayenka ainihin shafinka da asusunka, sa'an nan ka kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta yin sojan gona da sunan wani domin cuta.

Rigakafi ya fi magani. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC dabam take da rajistar tambari, wadda ake yi a ofishin rajistar tambari da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Rajistar tambari tana ɗaukar shekara 7 a karon farko, sa'an nan a riƙa sabunta ta duk shekara 14. Takardar tambari tana ƙarfafa hannunka wajen neman a rufe shafin bogi. Ka kuma sa wa shafukanka makulli biyu, watau kalmar sirri da lambar da ake turowa waya, kada ka ba kowa ko ɗaya daga cikinsu, ko da ya ce daga Facebook yake kuma za a rufe shafinka.

Kai ma akwai haƙƙi a kanka. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan jama'a nauyin tsare su. Kada ka watsa lambar wayar mai ƙorafi ko hotonsa domin ka kunyata shi. Sauraron abin da aka faɗa a fili halal ne. Bin diddigin rayuwar mutum kuwa wuce gona da iri ne.

Aikin Mako Na Farko

Ranar farko ka jera kalmominka. Rana ta biyu ka kafa Google Alerts. Ta uku ka buɗe shafin kasuwanci ka haɗa shi da Meta Business Suite. Ta huɗu ka sa wurinka a taswirar Google. Ta biyar ka nemi hotunanka da tallace-tallacen da ke ɗauke da sunanka. Ta shida ka zaɓi mutum uku da za su zama kunnenka a WhatsApp. Ta bakwai ka ja layukan littafinka ka fara rubutu. Abin da za ka kashe bai wuce kuɗin data da na littafi ba.

Tambayoyi Domin Nazari

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne mai sauraro yake nema?
2. Rubuta sunan hajarka ta kowane salo da kake zaton mutane za su rubuta shi.
3. Me ya sa ba wata na'ura da ke jin abin da ake faɗi a WhatsApp, kuma mene ne madadinta?
4. Idan Google Trends ya nuna 100, me wannan lamba take nufi?
5. Wani ya rubuta cewa man gyaɗarka gauraye ne, alhali ba haka ba ne. Tsara amsar da za ka ba shi cikin jimla uku.
6. Mene ne bambancin rajistar sunan kasuwanci da rajistar tambari?

Ana shawartar ƙungiyoyin 'yan kasuwa da azuzuwan yaƙi da jahilci su karanta wannan darasi tare, wanda ya iya ya nuna wa wanda bai iya ba, kowa kuma ya zo da littafinsa a zama na gaba domin a duba abin da ya rubuta.